Kafin ka sayi fom ɗin mastas a fannin noma

Duk lokacin da aka fara sayar da fom, zaurenmu na cikin Birnin Zazzau ba ya rabuwa da samari bayan Magariba. Sun san aikina binciken amfanin gona ne, sai su zo da tambaya guda: "Malam, wace jami'a ce ta fi suna?" Ni kuwa nakan tambaye su: a kan wane amfani za ka yi aiki, kuma wa zai duba maka?

Da yawansu hankalinsu na can nesa, alhali in ka fita Ƙofar Doka ka hau mota zuwa Samaru, ka isa inda ake binciken noma tun 1922, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar IAR ta Samaru ce ke riƙe da dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga, shi ya sa sunayen irinta ke farawa da SAM. Daga nan waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, ya fito a 2019. Mai son kiwo ga NAPRI a Shika, mai son aikin malaman gona ga NAERLS. Amma Samaru ba ta haɗa komai ba. Gero da alkama na Cibiyar Tafkin Chadi ne a Maiduguri, shinkafa kuma ta Badeggi ce. Wanda ya damu da noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ya leƙa cibiyar CDA ta Jami'ar Bayero, ga IITA da ICRISAT duk suna da ofis a Kano. Mai son digirin dakta kan inganta iri kuma ya binciki WACCI a Jami'ar Gana.

Abin da ɗalibai ba sa lissafawa shi ne damina. Gwajin fili yakan ci damina biyu, ruwa kuwa ba ya jiran sa hannun kowa. In Yuni ya wuce ba a amince da tsarin bincikenka ba, shekara ta tafi, sai dai in akwai filin rani kamar na Kadawa. Wani ƙanen abokina ya bi suna ya tafi wata jami'a, ya tarar ba filin gwaji a shirye, mai duba shi kuma ya tara ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Aikin shekara biyu sai da ya kai huɗu, kuɗin taki da na leburori duk daga aljihun mahaifinsa.

Don haka kafin ka biya ko kwabo, je ka sashen da ƙafarka. Nemi malamin da ke aiki a kan amfanin da kake so, ka karanta abin da ya wallafa kwanan nan, ka ji ko yana da aikin da ke da tallafi, domin a nan ne iri da taki da kuɗin awon ƙasa suke fitowa. Sannan ka ja ɗalibansa gefe, nesa da ofishinsa, ka tambaye su shekara nawa suka yi, kuma babi yakan kwana nawa a teburinsa. Su ba sa ɓoyewa, musamman in ka saya musu shayi.