Hausa a Fagen Fasaha: Zaɓe da Girkawa da Sanyaya Batirin Litiyam a Ƙaramar Motar Lantarki

7.1 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa ke bi wajen samar da sababbin kalmomi, wato aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana. A wannan darasi za a jarraba hanyoyin nan a kan wani aikin hannu, wato haɗa batirin litiyam domin ƙaramar motar tsere mai cin mutum ɗaya, irin wadda ake ƙerawa a gida. Wani Ba'amurke mai suna Art Ingels ne ya ƙera ta farko a Kalifoniya a shekarar 1956, da injin fetur. A yau masu sha'awar ƙere-ƙere da dama sun koma yin ta da lantarki. Yaron da ya taso yana yin motar kara ko ta langa-langa ba zai rasa sha'awar wannan ba, kuma da Hausa zai nemi a yi masa bayani. Bayani marar fayyacewa a nan yana iya jawo gobara.

7.2 Matsalar Kalmomi

Kalmar "wuta" tana ɗauke da ma'ana biyu a wannan fage: lantarki da kuma wuta mai ci. Idan aka ce wa almajirin makaniki "batir ya ɗauki wuta", bai san ko murna zai yi ko gudu ba. Saboda haka a wannan darasi "lantarki" na nufin abin da ke bin waya, "gobara" kuwa abin da ke ƙonawa. Haka kalmar "ƙarfi" take, domin ana amfani da ita ga abubuwa uku mabambanta. Ya fi kyau a raba su: matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya, da ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat. A lura da yadda baƙin farko na kalmar "bolt" ya koma /b/, kamar yadda ya faru a "direba" da "talabijin", saboda Hausa ba ta da wancan sauti na Ingilishi.

Sauran kalmomin an same su ne ta faɗaɗa ma'ana. Ɗan batir guda shi ne "ƙwaya", tarinsu kuma "dami". Haɗa ƙwayoyi kai da gindi shi ne "jerin gwano", kuma yana ƙara bolt. Haɗa su kai da kai, gindi da gindi, shi ne "kafaɗa da kafaɗa", kuma yana ƙara yawan cajin da damin ke riƙewa da amfiyar da zai iya bayarwa.

7.3 Zaɓen Batir

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da batirin litiyam mai karɓar caji a shekarar 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. Fifikonsa a kan batirin darma, irin na mota, shi ne rashin nauyi. Ga ƙaramar mota kuwa nauyi babban al'amari ne.

Iri biyu ne mai ƙira zai fi cin karo da su. Na farko shi ne mai sinadaran nikel da manganis da kobalt, wanda ƙwayarsa ke ba da kimanin bolt 3.7, ta kai 4.2 idan ta cika. Da yawansa yana zuwa ne a siffar da ake kira 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Na biyu shi ne mai ƙarfe da fosfet, wanda ake taƙaitawa LFP. Ƙwayarsa bolt 3.2 ce, kuma ya fi na farko nauyi idan cajinsu ɗaya, amma ya fi shi jure zafi da daɗewa, kuma ya fi wuyar kamawa da gobara. Ga makaranta, inda yara ne za su hau motar, na biyun ya fi dacewa, ko da za a ɗauki ƙarin nauyi.

Daga injin juyi ake fara lissafi, ba daga batir ba. A ɗauka injin mai wat 1,000 ne, yana aiki da bolt 48. Idan aka raba 1,000 da 48 za a sami kusan amfiya 21, kuma lokacin tashi ko hawan tudu abin da injin ke ja yana iya ninkawa. Domin samun bolt 48 ana buƙatar ƙwayoyi 13 na nau'in farko a jerin gwano, wato 48.1, ko kuma 16 na LFP, wato 51.2. Idan kowace ƙwaya ta nau'in farko tana riƙe amfiya-awa 2.5, aka haɗa takwas kafaɗa da kafaɗa a kowane mataki, an sami amfiya-awa 20 daga ƙwayoyi 104. Damin zai riƙe kimanin wat-awa 960, wanda bai kai tafiyar awa guda ba idan an sakar wa injin ƙarfinsa duka. Nauyin ƙwayoyin bai wuce kilo biyar da ɗan wani abu ba.

Akwai wata araha da ya kamata malami ya ja kunnen ɗalibai a kanta, wato tsince ƙwayoyi daga matattun baturan kwamfutar cinya. An yi su ne domin ba da lantarki kaɗan-kaɗan, ba domin jan mota ba, kuma shekarunsu da lafiyarsu ba ɗaya ba ne. A jerin gwano, matakin da ya fi rauni shi ke fara cika, shi ke fara ƙarewa, shi ke fara zafi. Sun isa kunna fitila, amma bai kamata a ɗora yaro a kansu ba.

Kowane dami yana buƙatar na'urar da za a iya kira "mai gadin batir". Ita ke lura da kowane mataki na jerin, ta yanke lantarki idan caji ya wuce iyaka, ko ya yi ƙasa ainun, ko kwarara ta yi yawa. Dole amfiyar da take ɗauka ta kai abin da injin ke ja a lokacin tashi. Ita ma caja sai wadda ta dace da nau'in: bolt 54.6 ga jerin 13, bolt 58.4 ga jerin 16 na LFP.

7.4 Girkawa

Irin wannan mota yawanci ba ta da abin rage jijjiga, don haka duk wani gargada a jikin batir yake ƙarewa. Ana sanya damin a akwati mai ƙwari, a shimfiɗa roba a ƙarƙashinsa, a ɗaure shi da kusoshi masu noti ta yadda ba zai motsa ba ko motar ta kife. Mazauninsa ya kasance ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, cikin kewayen ƙarfen motar, domin kada karo ya same shi kai tsaye. Ƙwayoyi masu siffar gwangwani ana haɗa su da siraran faifan nikel ta hanyar walda ta ɗigo, saboda dalma da ƙarfe mai zafi suna daɗewa a kan ƙwaya su lalata cikinta. A sa fiyus kusa da bakin damin, a kuma sa makashi inda hannun direba zai kai.

7.5 Sanyayawa

Nan ne yanayin ƙasar Hausa ya shigo cikin lissafi. Yawancin masu ƙera ƙwayoyin litiyam suna iyakance caji tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, amfani kuwa zuwa kimanin 60. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin rana yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ke nan batirin da aka ajiye a inuwa ma ya kusa iyakar caji tun bai yi aikin komai ba, balle wanda ke cikin baƙin akwati a tsakar rana.

Zafin da ƙwaya ke haifarwa ba ya tafiya daidai da kwarara. Idan kwarara ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. A misalin da aka kawo, amfiya 21 a kan ƙwayoyi takwas ya ba kowace kimanin 2.6. Idan mai ƙira ya yi tsimi ya sa huɗu, kowace za ta ɗauki 5.2, zafin cikinta kuma ya ninka huɗu. Saboda haka mafi ingancin sanyayawa ita ce raba kaya tun wajen zaɓe. Bayan wannan sai barin 'yar tazara tsakanin ƙwayoyi, da akwatin alminiyam mai fitar da zafi, da kafofin iska gaba da baya, da ƙaramar fanka idan da hali. Kafofin suna bukatar raga, domin ƙurar hunturu da ruwan damina. Sanyayawa da ruwa, irin ta manyan motocin lantarki, ta fi ƙarfin wannan aiki. Kada a jona caji da an sauka daga motar. A bari damin ya huce, a yi cajin a inuwa, kan siminti, ba a ɗakin kwana ba, kuma da mutum a kusa.

Idan zafi ya wuce wani mizani, sinadaran ƙwaya sukan fara haifar da nasu zafin, ƙwayar ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Ana iya kiran wannan "ɓarkewar zafi", bisa ƙiyasin ɓarkewar annoba. Matsalar batir ce ta sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 a 2013, kuma kamfanin Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016. Alamunta su ne kumburi da wari da ƙara kamar ta huci da hayaƙi. Hayaƙin guba ne, don haka a janye mutane nesa. Ruwa mai yawa yana sanyaya damin, amma gobarar tana iya sake tashi bayan sa'o'i, saboda haka a bar shi a fili.

7.6 Auna Fahimta

1. Rubuta gargaɗi mai jimloli biyar ga ɗaliban ƙaramar sakandare game da cajin batirin litiyam, ba tare da amfani da kalmar "wuta" ba.
2. Inji mai wat 720 yana aiki da bolt 36. Amfiya nawa yake ja, kuma ƙwayoyi nawa masu bolt 3.6 ake buƙata a jerin gwano?
3. Ziyarci mai gyaran waya ko mai girka na'urar hasken rana, ka tattaro kalmomi goma da yake amfani da su, ka rarraba su zuwa aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana.