Rumfar Nuna-Nuna

A kasuwannin Manila, babban birnin ƙasar Filifin, akwai waɗansu rumfunan abinci da ake kira turo-turo, watau nuna-nuna. Tukwane suna jere bisa tebur. Ko mutum bai ji harshensu ba, sai ya nuna da yatsa, a zuba masa a kan shinkafa.

Abincinsu da ya fi suna shi ne adobo, nama ne da ake dafawa da ruwan tsami da tafarnuwa. Amma fa yatsa ba ya tambaya, ga shi kuwa sau da yawa naman alade ne a tukunyar. Saboda haka baƙo Musulmi yakan nufi unguwar Kiyafo, gefen masallacin da aka gina a 1976. Can yakan nuna tukunyar kaza, ya ci hankali kwance.