Daga Situdiyo Zuwa Dandamali: Shawara Ga Mawaƙin Da Zai Koma Buluz

A 2010 Cyndi Lauper, tauraruwar waƙoƙin yayi a Amurka tun 1983, ta je birnin Memphis ta naɗi kundin buluz. Ba ta yi shi ita kaɗai ba, ta jingina da 'yan gida irin su B.B. King da Charlie Musselwhite. A nan kusa kuwa, Mdou Moctar na Nijar ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008 da na'urar gyaran murya, amma duniya ta san shi ne da jita da makaɗa a kan dandamali. Idan kai ma ka gaji da kiɗan kwamfuta, ga matakan da za ka bi.

Fara da kunne. Nemi wasan da B.B. King ya yi a zauren Regal na Chicago a 1964, ka saurari yadda yake rera layi, ya yi shiru, jita ta ba shi amsa, jama'a su ɗauka. Sannan ka ji Ali Farka Touré na Mali. Wanda ya tashi da jin Shata da 'yan amshinsa ba baƙo ba ne a nan.

Sai ka haddace ginin. Yawancin buluz gaɓa 12 ne, kowace da bugu huɗu, a kan haɗin sauti uku da makaɗa ke kira ɗaya, huɗu da biyar. Gaɓa huɗu a kan ɗaya, biyu a kan huɗu, biyu a kan ɗaya, sai biyar, sai huɗu, a koma ɗaya sau biyu. Baitin kuma layi uku ne: ka faɗi magana, ka maimaita ta, na uku ya warware. Riƙa ƙirgawa da ƙafa har sai jikinka ya san inda ake juyawa ba tare da ka kalli kowa ba.

Na uku, san muryarka ta gaskiya. Kashe na'urar gyara, ka naɗi kanka da waya, ka saurara ba son kai. Idan kana wahala a sama, ka ce a sauko da kiɗan, ba abin kunya ba ne. A situdiyo ana yanka layi a haɗa, a dandamali numfashi ɗaya ne gare ka, don haka ka yi alama a takarda inda za ka shaƙa.

Babban aikin yana wajen makaɗa. Mutum uku sun isa: mai ganga, mai jitar bes da mai jita. Nemi waɗanda suka fi ka sanin hanyar, ku daidaita kan kuɗin kowa tun kafin ranar wasa. Ku yi atisaye har ku saba da alamun juna: ɗaga hannu a sake zagaye, saukar da shi a rage ƙara, dunƙule shi a tsaya. Mawaƙin yayi ya saba cika kowane gurbi da murya, kuma wannan ne ke fara tona masa asiri. Rera rabin layi, ka bar wa jita rabi.

Kada ka fara da babban taro. Je ƙaramin wuri inda kake ganin fuskokin mutane. Isa da wuri a gwada sauti, ka tabbatar lasifikar da ke fuskantarka tana kawo maka muryarka, don wanda ba ya jin kansa ihu zai yi, murya ta dushe tun a waƙa ta uku. Ka ajiye mamin gaba ɗaya, wato motsa baki a kan waƙar da aka riga aka naɗa.

Tsofaffin masoya kuma kada ka zubar da su. Ɗauki waƙoƙinka biyu da suka sani, ka rage musu gudu, ka sa su a tsakiyar jerin. Wasu za su yi ƙorafi, ka yi haƙuri da su. Kundi kuwa ya jira: waƙar da kuka buga a gaban jama'a har ta zauna, ita ce za ku shiga situdiyo da ita, ku naɗa tare a ɗaki ɗaya.