Shinkafa da tuwo bayan an yi wa yaro aikin hanji

Uwa, idan an sallamo ɗanki daga likita bayan aikin hanji, wannan darasi naki ne. Da yawa daga cikin yaran da ake yi wa irin wannan aiki a ƙasarmu, zazzaɓin tifoyid ne ya huda musu hanji, galibi bayan sati 2 zuwa 3 suna fama da shi. Yaro yakan dawo gida a rame, ga ɗinki a ciki, ga rashin sha'awar abinci. Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce: zai iya cin shinkafa da tuwo?

Zai iya, muddin likita ya ba da izinin cin abinci. Shinkafa, tuwon hatsi, taliya da dankali suna ba jiki ƙarfi, kuma ba su hana ɗinki warkewa. Inda matsalar take shi ne suna saurin cika ciki. Yaron da ya daɗe yana jinya loma kaɗan ke ƙosar da shi. In lomomin nan duka farar shinkafa ce, ya ƙoshi ke nan, amma jikinsa bai samu abin da zai haɗe rauni ya mayar da tsoka ba. A cikin giram 100 na dafaffiyar shinkafa, sinadarin gina jiki bai kai giram 3 ba. Ƙwai guda ɗaya yana da kusan giram 6.

Saboda haka ki sauya tsarin kwanonsa. Fara ba shi ƙwai dafaffe, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko hanta, ko naman da ya dahu luguf, tun yana jin yunwa. Shinkafa ko tuwo su biyo baya. A kwanakin farko shinkafar ta dahu sosai har ta yi laushi, tuwon kuma ya zama mai taushi da miya wadatacciya, kamar ta kuka ko ta kuɓewa. Ki zuba cokali guda na mai ko na tunkuzar gujiya a ciki. Kunu ya yi kauri, kada ya tsiyaye daga cokali kamar ruwa. Ki ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini, a kwanonsa shi kaɗai, domin a kwanon taro ƴan'uwansa masu lafiya za su riga shi. Wake yana da amfani ƙwarai, sai dai yana kawo kumburin ciki. A surfe shi a cire ɓawon, a fara da ɗan kaɗan.

Fura tana bukatar kula ta musamman. Mun san ita ce mai sauƙin samu, kuma ita majinyaci ya fi karɓa. Amma furar da aka tsinka da ruwa mai yawa cika ciki kawai take yi. Ki dama ta da kauri, da nonon da aka tafasa kafin ya yi tsami, da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa magani. Ta gurɓataccen ruwa da abinci tifoyid ke shiga jiki.

Akwai yaran da ake fito musu da bakin hanji ta gefen ciki na ɗan lokaci, bayan gida yana zuba a leda. Su kam shinkafa, taliya da nunanniyar ayaba taimako ne, don suna sa bayan gidan ya yi kauri. Irin wannan yaro yana asarar ruwa da gishiri da yawa, sai a riƙa ba shi SRO yadda likita ya tsara. Kada a ba shi gujiya ƙwaya-ƙwaya, gasasshiyar masara ko ɗanyen ganye, suna iya toshe hanyar.

Ku masu faɗakarwa na gari, ku ziyarci gidan a satin farko, kuma in da hali ku zo lokacin cin abinci ku ga abin da ke cikin kwanon da idonku. Ku tabbata ana kai yaron awo a CSI, a kuma duba ko yana bukatar shiga shirin kula da tamowa. In ya fara amai, musamman kore, ko cikinsa ya kumbura, ko ya daina bayan gida da tusa, ko zazzaɓi ya dawo, ko ɗinkin yana fitar da mugunya, ko fitsarinsa ya ragu sosai, a dakatar da abinci mai nauyi a mayar da shi likita a ranar, ko da dare ne.