Amsoshin Tambayoyinku: Kajina Suna Zubar da Gashi, Sun Daina Ƙwai

Wata mai karatu 'yar asalin Damagaram da ke zaune a Tamanrasset, kudancin Aljeriya, ta rubuto cewa tun shigowar sanyi kajinta suka fara zubar da gashi, wuyansu ya zama kamar an fige, ƙwai kuma ya ɗauke. Maƙwabta sun ce ko cuta ce, ko kambun baka. Shin ta yanka su tun kafin su mutu?

Malama, na ji daɗin wannan tambaya, kuma ina roƙonki ki mayar da wuƙa kube. In dai suna cin abinci, suna tono, idonsu garau, to sauyin gashi ne, irin saɓar da maciji ke yi. Kaza kan fara shi sosai idan ta kai kamar wata 18, daga nan kusan kowace shekara. Yakan soma daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da baya, ya ƙare a fiffike da wutsiya, cikin mako 8 zuwa 12.

Abin da ke tayar da shi, gajartar yini ne. Kaza na son haske kamar awa 14 kafin ta riƙa ƙwai yadda ya kamata. A Damagaram yini ba ya sauka ƙasa da awa 11, amma Tamanrasset ta fi nisa arewa: a watan Yuni yini na kai awa 13 da rabi, a Disamba bai cika 11 ba. Ga garin a kan tudun Ahaggar, sama da mita 1,300, inda sanyin dare ke ratsa ƙashi. Shi ya sa abin ya fi fitowa fili a nan fiye da gida.

Ƙwan kuwa, dalilinsa mai sauƙi ne. Gashi kusan duka furotin ne, wato sinadarin gina jiki, shi ne kuma ƙwai ke buƙata. Jikin kaza ba zai ɗauki nauyin biyun lokaci ɗaya ba, sai ya zaɓi riga. Nan ne nake da 'yar magana da masu kiwo: busasshen burodi da aka jiƙa yana cika ciki, amma ba ya tsirar da gashi. Ki haɗa musu da dusa, dakakken ƙuli-ƙuli, dafaffen wake ko kan kifi, ruwa kuma kada ya yanke. Ki toshe ɓangaren akurkin da iska ke bugowa, amma ki bar 'yar kafa a sama.

Sabon gashi na fitowa kamar tsinke, da jini a cikinsa, yana kuma da zafi, don haka a hana yara kama kajin. Kaji na da manya da ƙanana a tsakaninsu, kuma wadda ta tsiraice ita ake sara. In kin ga jini, ki ware ta har ta warke.

Ki ɗaga fiffike ki duba da dare. In kin ga ƙwarƙwata, ki tanadar musu toka da yashi su yi birgima. In kuwa akwai koren zawo, kasala ko murɗewar wuya, wannan ba sauyin gashi ba ne; ki nemi likitan dabbobi a ranar.