Matakan Sayen Gidan da Bashi Ya Fi Darajarsa a Amurka

A Amurka yawanci da rancen banki ake sayen gida, gidan kuma shi ne jingina. Wani lokaci darajarsa ta faɗi ƙasa da sauran bashin: a ce ana bin mai gida dala 300,000, kasuwa kuma ba ta taya shi sama da 250,000 ba. Idan biya ya gagara, banki kan yarda a sayar ya karɓi abin da ya samu, maimakon ya ƙwace gidan ya yi gwanjonsa. A talla za ka ga an rubuta "short sale". Irin wannan ciniki ya yawaita bayan rikicin kuɗi na 2008, har yau kuma bai ɓace ba. Mai gida ne zai sa maka hannu, amma wuƙa da nama suna hannun banki.

1. Fara da aljihunka. Karɓi takardar amincewar ba ka rance kafin ka leƙa gida ko ɗaya. Wa'adinta yawanci kwana 60 zuwa 90 ne, don haka ka sa ran sabunta ta. Idan kana gudun kuɗin ruwa, akwai kamfanoni irin su Guidance Residential masu tsarin musharaka. Tambaye su tun yanzu ko za su shiga wannan ciniki.

2. Nemi dillalin da ya taɓa kai irin wannan ciniki ƙarshe. Wanda bai taɓa ba, a kanka zai koya.

3. Gano masu bin gidan bashi, dukkansu. Nan ne ciniki ya fi rushewa. Bayan bankin farko, ana iya samun rance na biyu, ko harajin da hukumar haraji ta IRS ta ɗaura wa gidan, ko kuɗin ƙungiyar masu gidajen unguwa, ko ɗan kwangilar da ya gyara rufi ba a biya shi ba. Sai kowannensu ya saki kafin gidan ya zama naka. Wanda ya ba da rance na biyu ne ya fi taurin kai, tunda abin da ke isa gare shi ɗan kaɗan ne. Sa kamfanin binciken takardun mallaka ya duba maka. Idan masu bashi sun kai uku, ni dai shawarata ka nemi wani gidan.

4. Yi tayi da hankali. Farashin da ke talla sau da yawa banki bai ma gan shi ba. Zai aiko nasa mai ƙiyasi ya kwatanta da gidajen da aka sayar a unguwar. Tayin wulaƙanci ɓata lokaci ne. A yarjejeniya, rubuta ranar da za ka iya janyewa idan banki bai amsa ba. Kuɗin kafin alƙalami kuwa, kamfanin riƙon amana za ka ba, kada ka damƙa wa mai gida.

5. Sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba ka da dangantaka da mai gida, ba kuma wata yarjejeniya a ɓoye. Saya wa ɗan'uwa gidansa ta bayan fage zamba ce a idon doka.

6. Jira. Amsa kan ɗauki watanni. Kada ka sanar da mai gidan hayarka za ka tashi, kada ka ci sabon bashin mota. Ci gaba da duba wasu gidaje.

7. Kawo ƙwararren mai duba gini. Yadda gidan yake haka za ka karɓe shi, banki ba ya gyara. Mutumin da biyan bashi ya gagara, da wuya a ce ya kula da rufi ko na'urar ɗumama ɗaki. Tabbatar ruwa da wuta da gas suna kunne ranar dubawa. A jihohin sanyi bututu kan fashe a gidan da aka bari ba kowa.

8. Idan takardar amincewar banki ta iso, karanta ta layi-layi: farashi, sunanka, da ranar kammalawa, wadda sau da yawa ba ta wuce kwana 30. Sanar da mai ba ka rance a ranar. Yanki inshorar mallaka. Ana gobe sa hannu, koma ka zagaya gidan, ka ga mai shi ya kwashe kayansa, murhu da famfo kuma suna inda ka bar su.