DARASI A KAN GIRKIN TARO: MIYAR TAUSHE DA NAMA A BISA MURHU

A ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo ba a raba ƙofar hakimi da baƙi. Akwai masu ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, akwai taron Salla, da na naɗin sarauta, da na ɗaurin aure. Madafin cikin gida ba ya ɗaukar girkin irin wannan taro, tilas a kafa murhu a fili. In mutane suka kwana da ciwon ciki bayan walima, ba mai tambayar sunan wadda ta dafa, gidan hakimi za a ambata. Saboda haka ya wajaba hakimi da malaminsa su san ƙa'idodin aikin.

1. Kayan miya. Ƙasar nan ba ta rasa su ba. Fadamun Gulbin Rima, tun ba bayan da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984 ba, suna ba da albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai da rani. Sauran su ne kabewa, da yakuwa, da alayyafo, da gyaɗa, da daddawa. A wanke ganye da ruwan rijiya mai murfi ko na famfo, ban da ruwan tabki.

2. Nama. A saye shi a hannun Sarkin Fawa, daga dabbar da aka yanka da lafiyarta. In an ga farare-fararen ƙwayoyi kamar shinkafa cikin tsokar shanu, 'ya'yan tsila ne, watau farar tsutsar ciki. A kai wa duba-gari ya gani. Nama mai ƙashi da jijiya shi ya fi ba da romo, ga shi kuwa da araha.

3. Murhu. A jera duwatsu uku a ƙasa mai tauri, nesa da danni da rumbu da ɗakin ciyawa, a kuma ajiye tulun ruwa kusa. Wannan ya fi zama dole da hunturu, gama tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa. Kara na hura wuta ne kawai, yana ci da sauri ya mutu. Busasshen itacen kirya ko marke ko bagaruwa shi ke barin garwashi mai daɗewa. Kada a sare ɗanyen itace domin walima, don ƙasar tana fama da gurgusowar hamada.

4. Dahuwa. A fara da nama, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da gishiri, a zuba ruwa ya rufe shi. Da ya tafasa sai a janye itace, a bar tukunya a rufe bisa garwashi tana ɓararraka a hankali, kamar awa biyu zuwa uku. Dalili kuwa shi ne, jijiya ba ta narkewa sai da zafi mai daɗewa. Babbar wuta sai ta ƙone gindin tukunya, ta shanye ruwa, ta ci itace a banza, nama kuwa yana nan da tauri. Sa'an nan a zuba kabewa da jajjagen tumatir da tattasai da daddawa. In kabewa ta narke a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa, a riƙa motsawa don kada ta kama. Yakuwa da alayyafo su ne na ƙarshe, minti goma ya ishe su. Kada a cika kanwa don gaggawa, tana rage amfanin abincin. A yanka tsoka mafi kauri a duba: in da sauran ja a ciki, ba a sauke ba tukuna. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

5. Bayan saukewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye yana hucewa. In baƙi sun makara, tukunya ta zauna a rufe bisa garwashi. Wadda ta kwana a sake tafasa ta sosai. Masu rabo su wanke hannu da sabulu. Kafin a watse a kashe wuta da ruwa, a binne toka.

Aikin malamin hakimi shi ne ya rubuta yawan baƙi, da sunan mahaucin da aka sayi nama wurinsa, da lokacin ɗora tukunya da na saukewa. In mutum biyu ko uku suka kamu da amai da gudawa bayan walima, lalle hakimi ya sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira gobe.